Gilashin Hindatu

Ina rumfata ina ɗinke bakin wata jaka sai na ji abu ya faɗi a farfajiyar Maharazu, ƙarar itace da ƙarfe tare. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma ba ta kai mini ƙirji ba. Na leƙa. Wani bafatake daga Konni na zaune a kan kujerar ɗaukar hoto, ya sha babbar riga da rawani, hannuwa a kan gwiwa, ko gezau bai yi ba. A gabansa akwatin hoto ya kife, ƙafafunsa uku na kallon sama. Maharazu na kwance a gefe, baƙin mayafin da yake shiga ciki in zai ɗauki hoto ya rufe masa kai.

"Bawan Allah, ba ka ga mutum ya hwaɗi ba?" na ce.

"Cewa yay yi kar in motsa sai ya ƙirga goma," in ji bafataken, leɓensa kaɗai ke motsi. "Na aza cikin aikin na."

Na haura katangar, na yaye mayafin. Gumi ya jiƙe masa wuya, idanunsa a buɗe amma ba ni suke kallo ba. Na kira sunansa sau biyu kafin ya amsa.

"Dabo, kai na? Diba mani idon akwatin, bai hwashe ba?"

Idon akwati bai fashe ba. Shi ne dai ya kasa tashi. Na aika aka kira Attahiru marini, muka ciccibe shi zuwa ɗaki. Bai fi nauyin damin gero ba, alhali da rigar nan tasa mai faɗi mutum zai rantse ƙato ne. Bafataken ya jira, ya jira, da ya ga ba mai ƙirga masa goma sai ya naɗe rigarsa ya kama hanyar kasuwa.

Ni baduku ne, jar fata ce abincina, kuma shekara bakwai ke nan muna maƙwabtaka da Maharazu a bayan kasuwar Illela. Asalinsa ɗan Amarawa ne. Yana saurayi, lokacin da Nasara da Faransa ke auna ƙasa suna kafa turakun iyaka, aka ɗebe shi dako. Abokan dakonsa suka dawo gida, shi ya bi kaya har Zungeru. A can ya faɗa hannun wani mutumin Saliyo mai ɗaukar hoto, ya zama baransa har ya koyi aikin. Da ya waiwayo gida da furfura da akwati a bayan jaki, ya tarar dangi sun daɗe da yi masa sadakar mutuwa, sun raba gona. Sun yi masa sannu da zuwa, sun ba shi ruwa, amma ba wanda ya nuna masa ɗakin kwana. Shi ne ya zo Illela ya kama wannan kangon, don ya lura fataken da ke ƙetarawa Konni suna son fuskarsu a takarda. Wasu don takardun Faransa ne, mafi yawansu don dai a gan su da riga.

Mu masu aikin hannu na unguwar nan duk mun ci albarkacin akwatin nan, ko da ba ma faɗa. Shuɗin zanen da yake ratayawa a bayan kujera Attahiru ne ya rina. Ƙoren da yake jerawa a gefe na Inna Tasalla ne, tsohuwar da ke zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi, wadda babu irin hannunta daga nan har Gidan Katta. Tumtum ɗin da wanda za a ɗauka ke ɗora ƙafa a kai nawa ne, kuma rabin waɗanda suka taka shi ba sa barin unguwa sai sun leƙo rumfata. Wuyan akwatin ma, mai naɗewa kamar zugazugin maƙera, da ya tsage ni na sake masa fata. Ba mai aikensa, zai saɓa akwati ya je marina ya ɗauki hoton turamen Attahiru a kan shanya, ko ya jera ƙoren Inna ya ɗauka. Cewa yake ƙwarya tana fashewa, rini yana koɗewa, gara a samu abin nuna wa na baya.

Duk da haka ba mu taɓa lissafa shi cikinmu ba. Da la'asar in mun taru gindin tsamiya ana yaba aikin wane ana kushe na wane, yakan zo da 'yar butarsa ya zauna a kan saiwa, mu muna kan tabarma. In ya sa baki a maganar zane, Attahiru sai ya ce, "Kai kuma mi kas sani? Rana ta yi aiki, akwati ya yi aiki, kai ka shige mayahi ka ɓoye." A yi dariya, shi ma ya yi. Ga kuma yatsunsa, maganin hoto ya mai da su baƙi ƙirin har cikin farce. Hannun Attahiru shuɗi ne har gwiwa, kowa na cin tuwo da shi, amma baƙin Maharazu mutane suka ce ba a san asalinsa ba. Ni kaina da nake maƙwabcinsa, in ya turo akushi ya ce bismilla, sai in ce na ƙoshi.

Washegarin faɗuwarsa na shiga da safe na same shi a jingine da bango, ya juya fuska wajen ƙofa.

"Zamna, Dabo. Akwai abin da nika ɓoye maku. Idon dama ya tahi tun bara. Na hagu shi ka lallaɓa ni, shi ma tun jiya kamar an watsa mashi nono."

"To ƙaƙa kaka ɗaukar mutane?"

"Da taki. Daga kujera zuwa akwati taki shida na. In na ƙirga daidai, hoto ya yi daidai." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Ciwon ga na ƙirji ba mai barina ba na, na sani. Abu guda nika so kahin idon ga ya ruhe. In ga matata."

Shekara bakwai ban san ya taɓa aure ba, don ban taɓa tambaya ba. Sunanta Hindatu. Mai tuyar waina ce a bakin tashar jirgi a Zungeru, suka yi shekara tara tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Shekarar murar nan da ta kwashe mutane ta tafi da ita cikin kwana uku. Sau ɗaya tak ya taɓa ɗaukarta. Takardar hoton ya zo da ita har Illela, damina biyu da suka wuce gara ta shiga jakarsa ta cinye. Saura gilashin da ake fitar da hoton daga jikinsa, yana cikin adaka a ɗakin duhu.

"Mi ya hana ka sake hiddo ta tun tuni?" na ce.

"Kullum cewa nikai gobe. In takarda taz zo daga Kano, sai masu son hoto da riga su cinye ta. Kuma tsoro nika ji, Dabo. Gilashi guda na. In yas suɓuce mani, shi ke nan ba ta."

Takarda ɗaya ta rage masa, kuma ko an aika Kano yau, sai fatake sun yi wata biyu. Ba ƙarfi ba ido, ba zai iya riƙe gilashi ba, don haka ni zan yi. Ya ce ba wuya. Akwai wani katako mai murfi, a kwantar da gilashi a ciki, a ɗora takarda a bayansa, a rufe, a ajiye a rana mai ƙarfi, hoto ya fito da kansa. "Rana ka yin aikin, kamar yadda kuka hwaɗi," ya ce. Na sunkuyar da kai.

Sai rana ta ƙi. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna, kowa na roƙon sama ta buɗe, ita kuwa ta ɗaure fuska kwana uku. Ba ruwan kirki, ba haske, sai yayyafi. Kowace safiya Maharazu zai ce in ɗaga hannu a bakin ƙofa ya ƙirga yatsuna. Ranar farko ya faɗi daidai. Rana ta biyu ya ce uku, biyar na ɗaga. Rana ta uku ya ce yana ganin hannu dai.

Cikin kwanakin nan ba wanda ya taka gidan don dubiya sai Inna Tasalla, da ke kawo kunu safe da yamma ta zauna bakin ƙofa tana yi masa faɗa a kan rashin ci. Mutum biyu sun zo, amma hotunansu suka zo karɓa, daga zaure suka juya. Na aika Amarawa, aka ce a gaishe shi, suna kan yankan gero, in sun sarara za su zo. Da na faɗa masa sai ya ce ai gero ba ya jira, gaskiyarsu ce.

A rana ta ukun bayan azahar gajimare ya fara yayewa ta gabas. Ya ce gobe akwai rana, in je in ɗauko gilashin tun yau a shirya. Ban taɓa shiga ɗakin duhun nan ba. Ƙaramin ɗaki ne ba taga, yana warin magani da laima. Akwatunan katako jere a bango, kowanne cike da gilasai a tsaye, rabin Illela da Konni na ciki. Adakar na can ƙurya, daidai inda rufin ke yoyo. Na buɗe, na sami abin a naɗe cikin wani tsohon kallabi, kallabin a jiƙe.

Na fito da shi haske na warware. Funfuna ta yi masa fari-fari, ga ɗigon laka daga rufi, ga wani abu kamar kashin tsaka a gefe. Na ɗaga shi sama. Ta cikin dattin na hango mace a tsaye kusa da kujera, komai nata a juye kamar yadda gilashin hoto yake, fuska fara, kallabi baƙi. Ban iya gane kamanninta ba. Na leƙa ɗaki, barci ya ɗauke Maharazu, bakinsa a buɗe. Na ce a raina, wannan bawan Allah shekara nawa yana tattalin abin nan, ba zan miƙa masa matarsa cikin ƙazanta ba.

Ni abin da na sani rini ne. In fata ta sha karan dafi ta yi ja, ko kwana za ka yi kana wanke ta, jan ba ya fita, datti ne kaɗai ke fita. Na ɗauka hoton ma a cikin gilashin yake, ya shige ciki kamar yadda launi ke shiga fata. Kuma sau nawa na ga Maharazu na ɗauraye gilasansa da ruwan tulu yana jingine su su bushe? Sai na ce ni zan ma fi shi. Na kai shi rumfata, na ɗumama ruwa, na barbaɗa 'yar toka yadda nake yi wa fata mai maiƙo, na tsoma gilashin a ƙwarya na bar shi ya jiƙa. Sannan na ɗauki lallausar fatar tunkiya na goga.

Shafa ɗaya na yi. Hoton ya zame gaba ɗaya kamar yanar kunu, ya tattare a gefe. Na sa yatsa in mai da shi wurinsa, ya yage. Na sake, ya narke ya bi ruwa. Kafin in gama salati gilashi ya fito tas a hannuna, ina hango rumfar wani mai gishiri ta cikinsa. A ƙwarya kuwa sai ruwa mai toka-toka da 'yan baƙaƙen zare na yawo. Na zauna ina kallon ruwan nan. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba.

Na sa gilashin a aljihu na nufi marina. Attahiru na kwashe shanya, Inna Tasalla na zaune a kan kututture ta kawo zane a rina mata. Na faɗa musu. Attahiru ya karɓi gilashin ya juya shi, ya yi tsaki.

"Hannunka dai bai iya zama, Dabo. To mi za a yi? Mutumin ga hwa bai gani. Ka koma ɗakin ka ɗauko na wata macce ka sa. Ai akwai na Inna da yad ɗauka da ƙore. In hoto yah hito ka miƙa mashi, inuwa dai zai gani, ya mutu da daɗin rai."

Har ga Allah shawarar ta kwanta mini. Inna Tasalla ta ɗago kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ni za ku sa ga hannun mutum da sunan matatai? Ya riƙe ni ga ƙirji shina kiran wata? Ban yarda ba, kuma ko bayan raina ban yahe ba. Kai kaɓ ɓata, Dabo. Tahi ka hwaɗa mashi."

"Inna, in na hwaɗa mashi na kashe shi."

"In ba ka hwaɗa ba, ka bar shi da rai?"

Na koma da niyyar faɗa. Na same shi ya farka, yana tambaya ko na samo. Na ce na samo. Ya ce lafiya lau yake? Na ce lafiya lau. Ya ce in ajiye wurina, hannuna ya fi nasa aminci. Na yi masa sai da safe tun magariba ba ta yi ba.

Gari ya waye tangaran, ko ɗigon gajimare babu. Da hantsi ya ɗaga na shimfiɗa tabarma a farfajiya, gindin bango inda inuwa take, na tallafo shi na jingine shi da tumtum. Ya sa na kifa turmi a tsakiyar rana, na ɗauko katakon mai murfi da takardar a cikin baƙar jakarta. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in gyara masa hula. Na ɗaga hannu don gwaji, bai ma san na ɗaga ba.

"Idon ya tahi, ko?" na ce.

"Saura haske da duhu. Ba komi. Kai za ka diba ka hwaɗa mani, in ta gama hita in riƙe ta. Hiddo gilashin. Shahwa shi da babban yatsa, sannu. Gehe guda santsi na, gehe guda da ɗan kaushi. Mai kaushin shi ad da hoto, shi ka kallon takarda."

Na shafa gaba, na shafa baya. Na san abin da zan ji, amma na shafa.

"Ban gane ba," na ce.

"Hannun baduku, duk kanta ta. Kawo nan."

Na miƙa masa. Ya riƙe shi ta gefuna da yatsun nan baƙaƙe, yadda ake riƙe ƙwai. Ya bi fuska ɗaya da babban yatsa daga sama har ƙasa. Ya juya ya bi ɗayar. Ya sake juyawa. Sannan ya miƙa hannu waje da inuwa ya ɗaga gilashin saitin idonsa na hagu, rana ta ratsa ta sauka masa a fuska, ba abin da ya tare ta. Ya daɗe a haka. Daga kasuwa ana jin jakuna da masu talla, a gidan kuwa numfashinsa kaɗai nake ji.

"Maharazu," na ce, "jiya da nid ɗauko..."

"Rana na wucewa, Dabo." Muryarsa ba ta canza ba. Ya miƙo mini gilashin. "Sa shi. Kowane gehe."

Na shiga ƙarƙashin baƙin mayafin kamar yadda ya ce, na lalubi takarda na ɗora, na rufe murfi. Karo na farko ke nan da na shiga mayafin nan, zafi da duhu da warin guminsa, kuma ban so fitowa ba. Na fito na ɗora katakon a kan turmi, na tsuguna a gefe.

Takardar fara ce fat. Can sai ta fara sauyawa, ta yi ruwan ƙasa, ko'ina bai ɗaya, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Mi kaka gani?" ya ce.

Na ce, "Ta hwara hitowa."

"Kallabin ka hwara hita. Kullum shi ka riga. Ka ga yadda tat turo ɗauri gaba?"

"Na gani. Ta turo shi gaba."

"Don ta ɓoye tabon mai na, nan bisa goshi. Man waina yat tarwatso mata. Tsaye take, ko? Na yi na yi ta zamna ta ƙiya, tac ce kujerar masu kuɗi ta."

"Tsaye take. Hannunta guda bisa kujera."

"Hannun bai hita sosai ba."

"Bai hita sosai ba."

"Motsawa tay yi. Nac ce kar ki motsa sai na ƙirga goma, ina kai bakwai tat tuntsure da dariya. Maigidana yac ce na ɓata mashi gilashi." Ya yi murmushi, idanunsa na kallon wajen turmi, ɗan nesa da inda katakon yake. "Wushiryar ta hito?"

Takarda ta riga ta wuce ruwan ƙasa, ta yi duhu kamar makubar shafen bango. Hawaye na zubo mini har gemu, na bar su, don in na share zai ji motsin riga.

"Ga ta nan," na ce. "Dariya takai."

Ban ji shigowar Inna Tasalla ba. Na ɗaga kai na gan ta tsaye da ƙwaryar kunu, tana duban katakon, ta dube ni, ta dubi Maharazu. Na jira ta yi magana ta tona ni, wani ɓangare na zuciyata ma so yake ta yi.

"Inna ta?" in ji Maharazu. "Zo ki ga amaryata."

Ta ajiye ƙwaryar ta matso, ta sunkuya a kan baƙar takardar nan ta daɗe.

"Doguwa ta," ta ce a hankali.

"Ta hi ni da ɗan yatsa biyu."

"Ka iya zaɓe, ɗan nan. Allah Ya jiƙanta." Ta miƙe ta gyara mayafi ta fita, ba ta ko yi masa faɗan kunu ba.

Ya ci gaba da ba ni ita gaɓa-gaɓa, ni kuma ina mayar masa. Zanen saƙi mai ratsin fari da ya saya mata a Bida. Awarwaro uku a hannun hagu. Ƙafa ba takalmi, don ta bar su bakin tanda. Tun ina amsawa da ƙyar har na koma ina riga shi, in ce ga ratsin zanen nan ya fito, ya ce ƙwarai, haka yake. Takarda ta yi baƙi ƙirin, rana ta kai tsaka, inuwar bango ta tsuke har ta kusa barin ƙafafunsa.

"In ɗauke ta in ba ka?" na ce.

"Bar ta. Ta daɗe cikin adaka, bar ta ta sha rana." Ya ɗan zame ya kwanta a kan gefensa na dama. Ladan ya kira azahar. "Tahi ka yi salla, Dabo. Muna nan."

Na tsaya ina juya maganar da ke bakina. Na ce a raina in na dawo zan durƙusa in faɗa masa duka, ruwan ɗumi da toka da komai, in roƙe shi gafara ko zai tsine mini. Na ja tabarmar kaɗan zuwa inuwa, na tafi masallaci.

Da na dawo yana nan yadda na bar shi, fuska wajen turmi, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci. Ƙudaje sun taru a bakin ƙwaryar kunu. Na kira shi, na taɓa ƙafarsa. Na zauna a gefen tabarma na ɗan jima kafin in je in faɗa wa liman. Ya san abin da na yi, na tabbata ya sani, kuma bai bar mini ko ƙofar da zan roƙe shi ba. Wannan ya fi mini ciwo a kan ya zage ni.

Ni da Attahiru muka yi masa wanka. Attahiru ya yi ta cuɗa yatsun nan da sabulu, baƙin ya ƙi fita, har na ce ya bari haka nan. Mu tara muka tsaya masa salla, har da wani baƙo mai jaki da ya tsaya don lada. Mutanen Amarawa ba su iso ba sai da muka baro maƙabarta, su biyu, da ƙaiƙayin gero a rigunansu, suna tambaya ko ya bar wasiyya a kan akwatin.

Rana ta yi sanyi na koma in rufe gidan. Tabarmar na nan, da tumtum da ramin kansa a jiki. Katakon na kan turmi inda na ajiye shi, duk masu shige da fice ba wanda ya yarda ya taɓa. Inuwar bangon yamma ta riga ta haye shi. Na buɗe murfin na zaro takardar. Baƙa ce wuluk daga sama har ƙasa, sai ɗan siririn fari a gefuna inda katako ya danne. Na riƙe ta a tafin hannu, da sauran ɗuminta.